Abin da ke tayar da ni shi ke kayar da ni

Alli ne ya fara tona mini asiri. Ina tsaye gaban allo ina yi wa 'yan aji lissafi, sai na ga layin da nake ja ya koma kamar sawun tsutsa. Na ɗago hannun na duba, yatsuna suna karkarwa kamar na tsohuwa. Gumi ya tsattsafo mini a goshi da ƙeya, ga fanka tana juyawa, ƙarfe goma na safe ma ba ta cika ba. Ƙirjina yana dukan uku-uku. Na juyo zan ci gaba da bayani, kalmar da ke bakina ta ɓace ɓat. Wata yarinya a layin gaba ta miƙe ta ce, "Malama, ko in kawo miki kujera?" Na daka mata tsawa. Har yau in na tuna yadda ta koma ta zauna sai kunya ta rufe ni, don ba ta yi mini laifin komai ba.

Malamar lissafi ce ni, shekarata 38 a lokacin, da 'ya'ya uku. Ba ni da ciwon sukari, ba na shan wani magani. Ranar na lallaɓa na isa ɗakin malamai, na shanye lemon kwalba guda, na bi shi da biskit. Cikin minti goma na dawo garau kamar ba ni ba. Daga nan na yanke wa kaina hukuncin da ya ci mini shekara biyu: na ce jikina sukari yake so.

Sai na shiga ba shi. Shayin safe da nake zuba wa cokali biyu ya koma huɗu, da farin burodi yanka uku. Jakata ta cika da alawa. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura: karkarwar da take zuwa sau ɗaya a mako ta koma kusan kullum, ta kuma samu ƙanwa. In na sha lemon da ƙarfe goma, wajen ƙarfe ɗaya sai ta sake dawowa. In na ci farar shinkafa cike da faranti da rana, kafin yamma kaina ya yi nauyi, idona yana ganin dishi-dishi, ga wata irin yunwa mai sa mutum ya ji kamar ya ci babu. Na ƙara kilo tara. Abin da ya fi damuna ma ba ƙibar ba ce, halina ne ya canza. Yarana sun koyi karanta fuskata, in suka ga na yi shiru ina dafe da teburi sai su sulale ɗaki.

Kowa da nasa fassarar. Maigida ya ce ba na cin abinci ne sosai. Yayata ta ce ƙarancin jini ne, ita ma ta yi shi bayan haihuwa. Wata abokiyar aiki ta ce hawan jini ne yake sallama. Na je asibiti aka ce in zo da sassafe ban ci komai ba. Aka ɗebi jini, sukari ya nuna 88, jinina isasshe, bugun zuciya daidai. Likitan ya dube ni ya ce, "Malama, lafiyarki ƙalau. Tunani ne ya yi miki yawa, ki rage damuwa." Na fito raina a ɓace, don ji na yi kamar an ce ƙarya nake yi. Yanzu ba na ganin laifinsa sosai. Karkarwa da gumi da faɗuwar gaba duk alamomin fargaba ne ma, kuma jinin da ya gwada na mai lafiya ne, tun da ciwona ba ya zuwa sai na ci abinci. Laifinsa ɗaya, bai tambaye ni ƙarfe nawa abin yake kama ni ba, da abin da na ci kafin nan.

Ranar da na san wasa ya ƙare, ina tuƙi ne. Na ɗauko yara daga makaranta, na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, hanyar da nake bi shekara shida. Mai motar baya yana ta danna mini oda ina jin sa kamar daga cikin rijiya. Allah ya taimake ni na gangara gefe na tsaya. Na ciro alawa daga jaka, yatsuna suka kasa ɓare ledar. Babban ɗana, yana ɗan shekara tara, ya karɓa ya ɓare ya sa mini a baki. Ya ce, "Umma, me ya same ki?" Ban da amsar ba shi.

Daren nan maigida ya je wurin mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana fama da ciwon sukari, ya aro mini na'urarta ta gwaji da tsinkayen da ake ɗiga wa jini. Washegari na karya kamar kullum, na zauna jiran baƙuwata. Goma saura kwata ta iso. Na huda yatsa da ƙyar saboda rawar hannu, na'ura ta nuna 54. Na sha rabin kofin ruwan lemo, bayan minti goma sha biyar na sake gwadawa, 96, karkarwa ta tafi. Na samu littafi na rubuta lokaci, da abin da na ci, da lambar. Cikin mako biyu na tara irin wannan sau biyar, mafi ƙasa 51.

Da littafin nan na je wurin wata likita da ta ƙware kan ciwon sukari da sinadaran jiki. Ba ta ce komai ba sai da ta karanta shi shafi-shafi. Ta ce kafin likita ya yarda cewa sukarin mutum yana faɗuwa da gaske, sai abu uku sun haɗu: a ga alamomin, a gwada jini a daidai lokacin a same shi ƙasa, sannan alamomin su gushe da zarar sukarin ya hau. Wani likitan tiyata ɗan Amurka, Allen Whipple, shi ya shimfiɗa wannan ƙa'ida a 1938, har yau da ita ake aiki. Ta ce ga mai ciwon sukari, ƙasa da miligiram 70 a desilita ake fara kiransa faɗuwa, ga wanda ba shi da ciwon kuma likitoci sun fi duba ƙasa da 55. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke ƙirga, sai ka raba da 18, wato 70 ya zama 3.9. Amma ta ce na'urar yatsa ba ta cika faɗin gaskiya ba in sukari ya yi ƙasa, don haka sai an tabbatar da jinin jijiya a ɗakin gwaji.

Aka sa mini rana. Na zo ban ci komai ba, ɗauke da irin karin kumallon da ke kayar da ni, shayi mai cokali huɗu da farin burodi. Na ci a gabansu, suka riƙa ɗibar jinina duk bayan rabin awa har awa biyar. Bayan awa ɗaya ya haura 168. A awa ta uku ya gangaro 52, ina zaune a benci gumi yana ɗiga daga haɓata, ma'aikaciyar jinya tana tsaye a kaina da kofi. Ban taɓa murnar rashin lafiya irin ta ranar ba, don a ƙarshe wani ya ga abin da idonsa.

Likitar ta yi mini tambayoyi da yawa. An taɓa yi mini tiyata a tumbi? Ina shan giya? Akwai maganin ciwon sukari da na taɓa sha, ko bisa kuskure? Abin yana tashina cikin dare, ko yana kama ni in na daɗe ban ci ba? Duk na ce a'a. Ta ce ba don son surutu take tambaya ba. Wanda aka rage wa tumbi, abinci yakan zarce hanjinsa da gudu ya jawo irin wannan. Akwai kuma wani ƙari da ba a cika samu ba, mai fitar da insulin, wato sinadarin da ke sauke sukarin jini, ba ƙaƙƙautawa, shi yawanci da yunwa yake kayar da mutum. Nawa kuwa shi ne faɗuwar sukari bayan cin abinci, wadda take zuwa cikin awa huɗu da ci, galibi tsakanin awa biyu zuwa huɗu. Ta ƙara da abin da ya sa jikina ya yi sanyi: a wasu mutanen wannan shi ne sallamar farko ta ciwon sukari, don insulin ɗinsu yana makara wajen fitowa, in ya fito kuma ya wuce kima. Gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku ya ba ni 5.6, daga 5.7 kuma ake cewa mutum yana bakin ƙofa. Mahaifina da ciwon ya rasu.

Bayanin da ya zauna mini a kai lissafi ne. Ta ce duk jinin da ke yawo a jikin babban mutum, sukarin da ke cikinsa bai wuce kamar giram huɗu ba, wato cokalin shayi ɗaya. Gwangwanin lemo guda kuma yana ɗauke da kusan giram 35. Na lissafa a zuci, ninki tara ke nan, kuma ruwa ne, ba abin da zai tsayar da shi a tumbi. Da ya afka jini, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, sai ta saki insulin don ya kwashe shi ya kai tsoka da hanta. Tawa gaɓar ba ta iya awo ba, takan zuba fiye da buƙata. Sukarin abincin ya ƙare, insulin bai gama aiki ba, sai ya ci gaba da kwasa har ya taɓa rabon ƙwaƙwalwa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiya, abin da jini ya kawo mata a take shi take ci. Da ta ji an rage mata, jiki sai ya saki adirenalin, sinadarin da yake fitarwa in an firgita, don hanta ta fito da ajiyarta. Wannan adirenalin ɗin shi ne karkarwar, shi ne gumin, shi ne tsawar da na daka wa yarinyar nan. Ni kuma sai in ruga in sha wani lemon, in sake kunna wutar daga farko. Daga baya na karanta cewa ba sabon abu ba ne, wani likita a Amurka mai suna Seale Harris ya bayyana shi tun 1924, shekara uku da gano insulin a Toronto.

Ta ce akwai maganin da ake ba wasu don ya rage saurin narkewar sitaci, amma mu fara da abinci. Ta rubuta mini takardar ganin jami'ar abinci. Ni kuwa da zafin kaina ban jira ranar ba. Na koma gida na haramta wa kaina shinkafa, burodi, dankali, taliya, har 'ya'yan itace. Nama da ganye kawai. An gudu ba a tsira ba. Kwana goma na yi ina fama da ciwon kai, ƙafafuna ba ƙarfi, bayan gida ya ƙi fita, faɗa kuwa ya ninka na da. Daren na goma sha ɗaya na tashi ƙarfe sha biyu na cinye rabin kek ɗin da aka ajiye wa yara, a tsaye, ko fitila ban kunna ba.

Da na ba jami'ar abincin labari sai da ta yi dariya ta share ƙwalla. Ta ce, "Haba Malama, wa ya ce miki sitaci maƙiyinki ne? Ki dai daina barinsa ya shiga cikinki shi kaɗai." Ta zana da'ira a takarda ta raba: rabi ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu ƙwai ko kifi ko nama ko wake, sauran kashin sitaci, shi ma wanda ba a cire masa dusa ba in da hali. Furotin da maiƙo da faiba, wato irin dusar hatsi da zaren ganye, suna riƙe abinci a tumbi, ya riƙa sauka hanji kaɗan-kaɗan, sukari ya hau a hankali, insulin ba ya firgita. Ta ce kada in wuce awa uku ban sa wani abu a baki ba, kuma in rage girman farantin. Ta ba ni jadawalin da ke jera abinci bisa saurin da kowanne yake ɗaga sukari, tsarin da David Jenkins da abokan aikinsa suka fito da shi a Jami'ar Toronto a 1981. Amma ta ja kunnena cewa jadawalin taswira ce kawai, don girki da nunar abu da abin da aka haɗa shi da shi duk suna canza lissafin. Littafina, in ji ta, ya fi shi sanin jikina.

Gaskiyarta kuwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata uku na yi ina gwaji da kaina, ina canza abu ɗaya a rana ina rubutawa. Zuma, wadda na ɗauka ita ce mafita, ta kayar da ni daidai yadda sukari yake yi. Lemon zaƙi in na matse biyu na sha ruwan, awa biyu da rabi sai karkarwa. In na ci guda ɗaya da tsokarsa bayan abinci, shiru. Ayaba nunanniya ita kaɗai da safe masifa ce, amma rabinta da gyaɗa cikin tafin hannu tana kai ni tsakar rana lafiya. Hatsin kwali da ake zuba wa madara, wanda aka zana zuciya a jikin kwalinsa, ya kai ni 57. Yogot ɗin da aka rubuta wa "marar maiƙo" na juya bayansa na karanta, ashe sukari aka cika don a maye gurbin ɗanɗanon. Tun ranar ba na sayen abu sai na karanta ɗan rubutun baya, in raba giram ɗin da huɗu in ga cokali nawa ne. Kofi kuma, ko ba sukari, in na sha shi ciki ba komai sai ya kawo mini rawar hannu ko da lambar tana daidai, don haka na mayar da shi bayan abinci.

Shinkafa ban rabu da ita ba. Na rage ta zuwa kamar dunƙulen hannuna, na haɗa ta da wake, na kuma canza tsarin cin. Nakan fara da ganye da kifin, shinkafar ta zo ƙarshe. Da farko na ɗauka wannan camfi ne, sai littafi ya nuna mini bambanci. In na gama kuma nakan taka na minti goma ko sha biyar, ko a tsakar gida ne, don tsoka mai motsi tana jan sukari ba sai insulin mai yawa ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shayi ne. Na gwada yanke sukarin gaba ɗaya, na ji kamar ruwan wanki nake sha. Sai na koma rage rabin cokali duk mako. Wata biyu kafin in kai babu. Yanzu in aka miƙo mini mai cokali biyu, ba na iya haɗiyewa. Wuya ta biyu ita ce lokaci. Mai fita aiki ƙarfe bakwai da yara uku ba ta da sararin girkin safe, shi ya sa burodi da shayi suka zama sarakai tun farko. Dole na mayar da shirin dare: in dafa ƙwai, in jiƙa wake, in yanka kayan lambu in sa a firji. Karin kumallona yanzu ƙwai biyu ne, da burodin alkama mai dusa yanka ɗaya, da tumatir ko kokwamba, da shayi da madara. Ƙarfe tara da rabi, kafin lokacin baƙuwar, nakan ci gyaɗa da tuffa ko yogot marar sukari.

Duk da haka takan zo jefi-jefi, kuma a nan ne sukari yake da amfani. An koya mini in sha giram 15, kamar rabin kofin ruwan lemo ko cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa, in jira minti 15, in sake gwadawa. In ya hau, in bi shi da abu mai riƙe ciki, ƙwai ko gyaɗa, don kada a koma gidan jiya. Cakulan ba ya aikin gaggawa, maiƙonsa yana jinkirta shi. Faɗa da baki sauƙi gare shi. Minti goma sha biyar ɗin nan, jikinka yana rawa, kowace gaɓa tana ce maka cinye duk abin da ke gabanka, ya fi awa guda tsawo. Nakan ajiye waya a gabana in zuba wa agogo ido, hannuwana a ƙarƙashin cinya.

Mutane ma sai da aka sha fama. Na je gidan yayata ta kawo mini lemo mai sanyi na ce ruwa zan sha, ta ɓata rai ta ce, "Yau kuma abin gidana ne ba kya sha?" Na ce, "Yaya, ba haka ba ne, likita ce ta hana." Ta ce ai ita ta ji an ce sukarina ƙasa yake yi, to mai ƙarancin sukari kuma a hana shi sukari? Wannan tambayar na amsa ta ya fi sau hamsin, kuma ban ga laifin mai yin ta ba, ni ma shekara biyu na yi a kanta. A walimar ƙarshen shekara ta makaranta kuma ni da kaina na karya doka. Ban ci abincin rana ba, aka yanka kek, aka buɗe lemo, na ce sau ɗaya dai ba ya kisa. Awa biyu da rabi bayan nan ina zaune a matakalar ofis ina jiran maigida ya zo ya ɗauke ni, mota a ajiye. Yanzu in zan ci kek a taro, sai na ci abinci tukuna, in yanki ɗan siriri, in haɗa da ruwa.

Shekara uku ke nan. Abin da yake zuwa kusan kullum ya koma sau ɗaya a wata biyu ko uku, yawanci ranar da ban yi barci sosai ba ko aiki ya sa na tsallake ci. Kilo bakwai cikin taran nan sun tafi ba tare da na bi su ba. Gwajin wata uku na bara ya nuna 5.3, kuma duk shekara nake maimaita shi, don likitar ta ce kada in saki jiki. Alhamdu lillahi.

Wata malama da muke aiki tare ta ga na samu sauƙi, ta ce ita ma irin ciwona gare ta, karkarwa da gumi da bugun zuciya, in rubuta mata abin da nake ci. Na ce ta bari ya kama ta mu gwada tukuna. Da ya zo na huda mata yatsa, 97. Muka sake wata rana, 102. Na matsa mata ta je asibiti, aka gano ƙwayar tayiroyid ta wuyanta ce take aiki fiye da kima, aka ɗora ta a kan magani. Da na ba ta jadawalina kawai, da tana nan tana cin gyaɗa ciwo yana cin ta.

Yarinyar da na yi wa tsawa na neme ta na ba ta haƙuri kafin ta gama makaranta. Ɗan nawa kuwa yanzu shekararsa goma sha biyu, ya kusa kamo ni a tsawo. Har gobe in za mu shiga mota ba ya buɗe ƙofa sai ya tambaya, "Umma, kin ci wani abu?" In na ce na ci, sai ya buɗe aljihun gaban motar ya duba ko robar gyaɗar da ɗan kwalin lemon suna nan, sannan ya ɗaura bel.